Wace Kaki Ake Nufi

Ranar wata Litinin a farkon Nuwamba, shekarar da na cika ashirin da biyu, matar maigidana Okimoto ta tsinci takarda a ƙarƙashin ƙofar rumfar da muke ɓare kawa, abin tekun nan mai ɓawo. Ni na shigo bayanta da kwandon farko daga jirgin ruwa, na tarar da ita tsaye ko takalmin roba ba ta sa ba, tana ta juya takardar a hannu. Ta miƙo mini.

Layi biyu ne da fensir, an danna shi har ya kusa huda takardar. Babu ko ɗaya a ciki daga kanji, baƙaƙen nan masu wuya da kowanne ke ɗauke da ma'anarsa, babu hiragana mai lanƙwasa wadda kowa ke rubuta wasiƙa da ita. Duka katakana ce, mai tsini da kusurwa, wadda muka saba gani a sunayen baƙi da gwangwanayen ƙasar waje. Abin da aka rubuta shi ne: Kaki akwai hatsari, a yi hattara. Babu suna.

A tsibirinmu in mutum ya ce kaki, kawa yake nufi. Ita muke rataya a teku, ita muke ɓarewa, ita muke ci. Lokacinta kuma ya kama ke nan. In magana ta fita cewa kawar Okimoto tana da hatsari, masu saye daga Hiroshima ba za su tsaya tambaya ba, rumfar gaba za su wuce.

Okimoto ya karanta sau uku. Ya ce mutum biyu ne ke yin rubutu da katakana zalla: wanda yake ɓoye hannunsa, da wanda bai iya wani rubutun ba. Da ya faɗi haka sai ya ɗan dube ni, domin kowa ya san ina ɗan shekara goma sha biyar na bar makaranta, kanjin da na riƙe ba su wuce na aiki da na sunayen mutane ba. Amma idonsa bai tsaya a kaina ba. Ya wuce can ƙarshen teburi, inda Sueli ke ɗaura zanen roba na aiki.

Sueli Hamamoto daga Barazil ta zo a watan Afrilu, ta hannun wani dillalin ma'aikata da ke garin Kure. Fuskarta irin tamu ce, kakanta ma daga wannan gaɓar ya tashi tun kafin babban yaƙin duniya. Tana jin magana, sai dai maganar tsofaffi ce a bakinta, irin wadda ke sa matan rumfa dariya. Karatu ne babu. Ta baro 'yarta mai shekara shida a wajen mahaifiyarta, kuma aikin nan shi ke riƙe da su. Ni nake koya mata baƙi da rana, a kan bencin bayan rumfa, bayan mun ci abinci. Ban taɓa zaton zan koya wa wani komai ba. Tana kirana Malam, rabi tsokana, rabi da gaske.

Da katakana muka fara, tun da da ita ake rubuta sunanta. Baƙaƙe biyu, wanda ake kira shi da wanda ake kira tsu, su suka fi ba ta wuya. Dukkansu ɗigo biyu ne da jan layi ɗaya, sai dai na shi daga ƙasa ake jan sa zuwa sama, na tsu daga sama zuwa ƙasa. Takan ce wanda ya ƙirƙiro su yana da gaba da wani.

Okimoto ya ja ni gefe, bayan tankin ruwa. Ya ɗora yatsa a kalmar ƙarshe ta takardar. Inda ya kamata a rubuta mashoo, an rubuta ma, se, u.

"Ka taɓa ganin ɗan ƙasar nan da zai rubuta haka? Ko kai ba za ka yi ba."

Na ce a'a, maigida.

Ya tuna mini cewa makon da ya wuce ya yi mata tsawa a gaban mutane saboda tana yanka naman kawa wajen ɓarewa, kuma an gan ta tana hira da wata daga rumfar Teraoka, abokin gasarmu a sana'a, a kantin bakin tasha. Ya ce in kawo masa rubutunta ya gani, kada ta sani. Dillali zai zo ranar Asabar. In ita ce, tare za su koma.

Da a ce na ƙi, da yanzu ina faɗa da sakin fuska. Ban ƙi ba. Gaskiyar magana, ni ma abin ya shige ni. Wa kuma ke rubuta katakana zalla a tsibirin nan? Da rana da ta tashi wanke kwanon abincinta, na buɗe littafinta na yage shafi ɗaya daga tsakiya, na cusa a aljihu. Da ta dawo ban iya kallon ta ba, sai na ce mu gwada wani abu sabo. Na ce ta rubuta ikimashoo, wato mu tafi.

Ta rubuta daidai, yadda yake a littafin yara. Ta ɗago ta dube ni.

"Malam, yau jarrabawa ce?"

Na ce a'a, gwaji ne kawai. Ta ce to in jarrabawa ce in faɗa mata, ta san irin fuskar da za ta sa.

Da yamma muka shimfiɗa shafin da takardar a kan teburin ofis. Ni dai ban ga sun yi kama ba. Baƙaƙen Sueli manya ne, suna jingina da juna kamar mutanen da suka gaji, tsu ɗinta kuma har yanzu yana karkata wajen kama da baƙin nan shi. Na cikin takardar kuwa a tsaye suke ƙyam, tsu ɗinsu babu aibu. Na faɗa wa Okimoto haka. Ya ce ai wanda ke ɓoye hannunsa ba zai yi rubutun da ya saba ba, kuma wa ya sani ko ta iya fiye da yadda take nuna mini. Wannan maganar ta zauna mini. Na riƙa tuno duk ranar da ta yi saurin gane abu, ina tambayar kaina ko dama ta sani.

Ranar Laraba aka sake samun wata. Wannan karon gajeriya: Kaki, na faɗa, a yi hattara. Da wannan ma se u ɗin a ƙarshe. Zuwa lokacin matan rumfa duk sun ji. Babu wadda ta ce wa Sueli komai, sai dai kujerar da ke kusa da ita ta zama babu kowa, in ta miƙa hannu ɗaukar wuƙa kuma idanu su bi hannun. Ita ma ta daina magana. Sai ƙarar ƙarfe a kan ɓawo.

Ranar Alhamis da safe na fita teku da Baba Genzo, tsohon da ke tuƙa mana jirgi, mai shekara saba'in da shida. Muna kan gadon goran da ake rataye kawa, ina jan igiya, sai na ji bakina yana maimaita kalmar. Maseu, maseu. Ya tambaye ni wace addu'a nake yi. Na gaya masa kuskuren da ke cikin takardar, na zana masa baƙaƙen uku da jiƙaƙƙen yatsa a kan katako.

Ya yi dariya har sai da ya cire sigarin bakinsa.

"Kai yaro, wane jaki ne ya koya maka karatu? Ba maseu ake karantawa ba. Mashoo ne."

Na ce to me ya sa aka rubuta se da u.

"Haka ake rubutawa, kafin a zo a lalata muku komai."

Ya ce su a zamaninsu katakana aka fara koya musu a aji ɗaya, hiragana sai daga baya, kuma kalmomi da yawa rubutunsu dabam, faɗarsu dabam. Bayan yaƙi aka sauya, aka ce a rubuta yadda ake faɗa. Ya ce duk wanda ya rubuta wannan takarda ya girme shi ko sa'ansa ne, kuma bai daɗe a makaranta ba. Na tambaye shi ko shi ne. Ya ce in da shi ne, da baki zai faɗa wa Okimoto, ya ƙara masa da zagi.

Ko igiyar jirgi ban gama ɗaurewa ba na nufi ofis. Na zayyana wa Okimoto duk abin da Baba Genzo ya ce, ina murna. Ya saurare ni har ƙarshe yana kaɗa kai a hankali.

"Kakanta yaushe ya bar ƙasar nan, Takuji?"

Na ce kafin yaƙi.

"To wane irin rubutu ya tafi da shi? Wa kake tsammani ya fara nuna mata baƙi?"

Sai na tuna. Ta taɓa gaya mini kakan nata yana da wani tsohon littafin makaranta da yake karanta musu suna yara. Ni da bakina na ba wa Okimoto wannan labari tun da bazara, don ya ba ni dariya a lokacin. A gabana ya ɗauki waya ya kira dillali, ya ce ranar Asabar ya zo da mota mai wurin kaya.

Daren nan ban ci abin kirki ba. Washegari, Juma'a, na tashi ina kallon kowane tsoho a matsayin mai laifi. Tsohuwar da ke sayar da tikitin jirgin fito, mai askin bakin tasha, har mata biyu daga cikin masu ɓare mana kawa waɗanda suka haura sittin. Kowa na duba sai in ga yana da dalili. Sannan in dubi Sueli, in ga ita ma tana da shi.

Da hantsi Okimoto ya tafi ƙungiyar masunta. Na roƙi matarsa ta sake nuna mini takardun. Ta ciro su daga aljihun tebur. Duk kwanakin nan gaban muke kallo. Na juya bayan. An yanko su ne daga kalanda, wannan kowa ya gani tun farko. Amma a gefen ta biyun akwai ragowar rubutu ƙanana game da ranar fesa wa lemu magani. Kalandar manoma ce. Mu masu aikin teku kalandarmu ta cikar ruwa da janyewarsa ce, ita ce a ofis, ita ce a gidana, ita ce kuma Okimoto ya rataya wa Sueli a ɗakinta. A ɓangarenmu na tsibirin gida uku ne kawai ke da gonar lemu. Biyu suna can kan tudu. Na ukun katangarsa ɗaya da bayan rumfarmu.

Gidan Kaka Tome ne. Shekararta tamanin da uku, ita kaɗai take zaune, kunnenta ya yi nauyi. Tun kafin a haife ni suka yi rigima da mahaifin Okimoto a kan inda katangar ta tsaya, ta rantse ba ita ba magana da mutanen gidan, kuma ta cika. Ko a jana'iza suka haɗu, gefe take kallo. Da na tuna haka sai na ce shi ke nan, ga mai mugun nufi na samu. Tsohuwa ta jira shekara talatin don ta kashe wa maƙwabcinta kasuwa.

Da aka tashi cin abincin rana na zagaya ta lungu na shiga gidanta. Na same ta a tsakar gida tana jera farin radish, saiwar nan mai kama da karas, a kan igiya don ya bushe. Na gaishe ta da ƙarfi. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ni ne jikan Masa mai gyaran koma, ko? Na ce ni ne. Ta ce kakata ta fi ni tsayi.

Na fito da takardun. Ba ta yi musu ba, ba ta kuma ji kunya ba. Ta ce ashe sun iya karatu a gidan, ta ɗauka sai ta rubuta ta uku.

"Kaka, me kakin Okimoto ta yi miki?"

"Me ta yi mini? Ni ba abin da za ta yi mini. Ku za ta yi wa."

Na ce mun duba ruwa, mun duba kawar, lafiyarta ƙalau, kullum ita muke ci.

"Wa ya yi maganar abin teku?"

Ta kama hannun rigata ta ja ni zuwa katanga, ta ɗaga sandarta. Sai a lokacin na ga abin da take nunawa. Tsohuwar bishiyar kanyar da ke bayan rumfarmu, wadda ta jingina da katangar, rabinta a sama da gidan tsohuwa. Kanya ma ai kaki muke ce mata. Da kanji aka rubuta, da babu mai ruɗewa, don na kanya yana da alamar itace a gefensa, na kawa kuma bai yi kama da shi ko kaɗan ba. Amma a katakana ka da ki ne kawai, kowa ya karanta abin da ke ransa. Mu kuwa kawa ce a ranmu.

Daga ɓangarenmu bishiyar lafiyayya ce, har 'ya'ya ta yi bana. Daga ɓangarenta akwai rami a jikin kututturen, dab da saman katanga. Ta zura sandar a ciki, ta shige har mariƙi, garin itace ya zubo kamar tsaki. Gara ta cinye cikin. Babban reshen da ya fita daga nan kuwa, daidai kan bencinmu ya miƙe.

"Kullum ina ganinku ta saman nan, kai da 'yar nan mai baƙon suna, kun sunkuyar da kai kamar kaji. Iska ɗaya ta arewa ta ishe ku."

Na tambaye ta me ya sa ba ta rubuta da kanji ba. Ta ce shekara biyu ta yi a makaranta aka cire ta don renon ƙanne, kanji ba su iso wajenta ba. Ta ce in kuma na kuskura na gaya wa Okimoto ita ce, kada in sake taka mata gida.

Na zauna a bakin dandamalin gidanta. Na gaya mata, da ƙarfi kuma a hankali don ta ji, cewa saboda takardun nan gobe za a sa Sueli a mota. Na ce maigida ba zai yarda da zancen bishiya ba muddin bai san wanda ya rubuta ba, zai ce na ƙirƙira ne don in kare ɗalibata. Ta ce wannan shashancin gidansu ne, ubansa ma haka yake. Ta koma kan radish ɗinta. Na ƙi tashi. Ta jera guda biyar ko shida, sannan ta tambaya, ba tare da ta juyo ba, ko yarinyar tana da 'ya'ya. Na ce ɗaya, mace, tana can Barazil.

Ta rataya wani radish a igiya, sannan ta ce:

"Ni ban yi musu magana ba, ba kuma zan yi ba. Rubutu ba magana ba ne."

Na ce haka ne, Kaka. Na tambaye ta ko zan iya kawo shi ya leƙa ta saman katanga.

"Ai ubansa ya ce katangarsu ce. Ya hau abarsa."

Da Okimoto ya dawo na riga na jingina tsani. Ban yi masa dogon bayani ba, na ce ya hau ya duba bayan bishiyar, in bai ga komai ba ni ma in bi motar gobe. Ya harare ni, ya hau yana gunaguni. Na riƙe masa tsanin.  Ya sa hannu cikin ramin, ya fito da shi cike da gari. Sannan ya dubi ƙasa ta wancan ɓangaren, inda na san tsohuwar tana tsaye, ta juya masa baya, tana gyara igiyarta. Daga gidanta ne kawai ake iya lura da ramin, bai buƙaci in faɗa masa suna ba.

Ya daɗe a saman tsanin. Can ya ce, da muryar da ta wuce tawa buƙata:

"Takuji, in ka ga mai gidan can, ka ce an gode."

Daga bayan katanga na ji tsohuwar ta ci gaba da aikinta. Ko ba ta ji ba, ko ta ji, ban sani ba.

Ya sauko yana karkaɗe hannu a wando. Ya ce a janye bencin yanzu, gobe in zo da zarto da igiya. Na ce dillali fa, maigida? Ya ce ya sani, ba sai na koya masa aikinsa ba. Amma ya shiga ofis, na kuma tsaya a bakin ƙofa har na ji ya ce wa mutumin ba sai ya zo ba, an yi kuskure ne. Bai fita ya ce wa Sueli komai ba. Ni ya bar wa.

Bayan an tashi aiki na same ta a ɗakinta na saman ma'ajiyar kaya. Ƙofar a buɗe, jakarta a tsakiyar ɗaki, an zuge ta. Ashe matar Okimoto ta gaya mata tun jiya ta shirya. Na tsaya a bakin ƙofa na ba ta labarin duka, da tsohuwa, da bishiya, da ka da ki. Na ɗauka za ta yi dariya. Ta zauna a kan jakar tana saurare.

Da na gama ta miƙo hannu. Ta ce in ba ta shafinta, na goma sha ɗaya, tana ƙirga su. Na ce yana ofis, zan karɓo. Ta ce to.

"Malam, kai ma ka zaci ni ce?"

Na so in ce a'a. Na ce e, na kwana huɗu.

Ta kaɗa kai kamar wadda aka gaya wa farashin abin da dama ta sani. Ta ce za ta zauna, don ba ta da inda ya fi nan a yanzu, kuma 'yarta za ta shiga makaranta a watan Fabrairu. Na tambaye ta ko in taya ta mayar da jakar saman kabad. Ta ce kayan za ta fitar da kanta. Jakar kuwa in bar ta nan kusa da ƙofa tukuna.